Yadda Ake Koya wa Ɗaliban Injiniyan Gine-gine Darasin Shimfiɗar Ƙasa ta Hanyar Taron Ƙara wa Juna Sani

Ɗalibin da ya kai aji uku ko huɗu a sashen injiniyan gine-gine da hanyoyi ba ka da haufi a kansa wajen lissafi. Ka ba shi ƙarfin ruwan sama da faɗin fili, nan take zai fitar maka da girman kwalbati. Amma tambaye shi me hanyar da ya zana za ta yi wa kwarin da ta ratsa, wa za ta tare wa gani, ina za a kai ƙasar da aka yanko daga tudu, amsar da ka fi ji ita ce: "In an gama aiki sai a shuka itatuwa." Wannan amsa ce darasin shimfiɗar ƙasa ya zo ya gyara, kuma lacca kaɗai ba ta gyara ta. Ɗalibi zai haddace bayaninka, ya zuba maka shi ranar jarrabawa, ya fita ya ci gaba da zane yadda ya saba.

Abin da na daɗe ina yi, na kuma ga amfaninsa, shi ne mayar da ajin kansa taron ƙara wa juna sani. Ɗalibai su rubuta maƙala a rukuni-rukuni kan wani wuri na zahiri, 'yan'uwansu su tantance ta ba tare da sanin masu ita ba, su gyara, su gabatar a gaban jama'a, a haɗa kundi. Makin zangon gaba ɗaya daga nan yake fitowa. Malam, in wannan ne karonka na farko, ga yadda ake yi.

Abin da za ka tanada

Na farko lokaci: mako goma sha biyu ya isa, ƙasa da goma kuwa matakin gyara zai matse, alhali shi ne ya fi komai amfani. Sai wuraren nazari da ɗalibai za su iya takawa da ƙafa, kamar gada, hanyar da ta ratsa gangare, bakin rafi, madatsar ruwa, tsohon ramin ɗibar ƙasa, ko babbar magudanar kankare. Ka nemi taswirar kowane wuri mai layukan tudu da kwari.

Idan babu irin wannan taswira, akwai bayanan tsayin ƙasa na SRTM da aka ɗauka daga sararin samaniya a shekarar 2000. Kyauta ake sauke su, kuma kowane ɗigo yana wakiltar kusan mita 30. Manhajar QGIS, ita ma kyauta, za ta fitar maka da layukan daga cikinsu. Sai dai ka sani mita 30 ta yi faɗi da yawa ga ƙaramin fili, kuma bayanan sukan haɗa da kan itatuwa da rufin gine-gine. Don haka wurin da bai kai 'yan kadada ba, gara ɗalibai su ɗauki na'urar safiyo ta sashe su auna da kansu. Google Earth yana da tsofaffin hotuna da ke nuna yadda wuri yake kafin a yi aiki a kansa, ka koya musu yadda ake komawa baya a ciki.

Kowane rukuni yana buƙatar takardar zane mai shara-shara, fensir da alƙalumma masu launi, tef na awo, littafin zane, da kyamara ko waya. Kai kuma kana buƙatar takardu uku da za ka rubuta tun kafin zango ya fara: samfurin tsarin maƙala, fom na tantancewa, da jadawalin rabon maki. Wajen karɓar maƙaloli da raba su ga masu bita, manhajar koyarwa ta Moodle tana da sashen da aka yi domin haka, akwai kuma shafin EasyChair da tarukan gaske suke amfani da shi. In babu intanet mai ƙarfi, ambulan da lamba da takardar rajista guda da ke hannunka kaɗai sun wadatar. Daga ƙarshe ɗakin taro, majigi, agogo, da baƙi biyu ko uku daga wajen aji.

1. Ba su ɗan abin da za su tsaya a kai (mako na 1 da na 2)

Kada ka wuce lacca uku ko huɗu. Abu uku nake so su shiga kansu.

Shimfiɗar ƙasa ba lambu ba ce, ba kuma ado ba ce. Yarjejeniyar da Majalisar Turai ta ƙulla a birnin Florence na Italiya a 2000 ta bayyana ta da cewa yanki ne kamar yadda mutane suke ganinsa, wanda kamanninsa suka samo asali daga aikin halitta da aikin ɗan'adam da cuɗanyarsu. Yarjejeniyar ba ta tsaya ga wurare masu kyau ba, ta haɗa da wuraren yau da kullum har da waɗanda suka lalace. Wannan yana da muhimmanci ga injiniya, domin yawancin aikinsa a irin waɗannan wurare yake.

Na biyu, ana karanta wuri ne hawa-hawa. Ian McHarg na Jami'ar Pennsylvania ya yaɗa wannan dabara a shekarun 1960: a zana gangare a takarda guda, ruwa a wata, ƙasa a wata, tsirrai a wata, gidaje da wuraren tarihi a wata, kowace a duhunta inda ɓarna za ta fi yawa. In aka ɗora su kan juna, inda ya fi haske nan ne hanya za ta bi da ƙarancin ɓarna. Ka sa su yi wannan da hannu kafin su taɓa kwamfuta.

Na uku, misalai. Injiniyoyi sun fi yarda da aikin injiniya, don haka da shi za ka shiga. Gadar Millau a Faransa, da aka buɗe a 2004, tsawonta mita 2,460, tana tsaye kan ginshiƙai bakwai a kwarin kogin Tarn. Injiniya Michel Virlogeux da mai zanen gini Norman Foster suka yi ta tare. A gefe guda ka nuna musu Dresden a Jamus: UNESCO ta sa kwarin kogin Elbe cikin wuraren tarihi na duniya a 2004, ta cire shi a 2009 saboda gada mai layi huɗu da ake ginawa ta ratsa shi. Gadar ba ta da matsala wajen ɗaukar nauyi, inda aka kafa ta ne matsalar. Sai Nijmegen a Holan, inda bayan ambaliyar 1993 da 1995 aka ja ganuwar kogin Waal baya da mita 350 aka haƙa wa ruwa reshe, maimakon a ƙara wa ganuwar tsayi. Da Singafo, inda aka fasa magudanar kankare mai tsawon kilomita 2.7 a filin shaƙatawa na Bishan aka mayar da ita kogi mai lanƙwasa a 2012. Kada ka kawo misali ba tare da aibinsa ba. Rafin Cheonggyecheon na Seoul, da aka rushe gadar sama aka tono shi tsakanin 2003 da 2005, ana yabonsa ƙwarai, amma yawancin ruwan da ke cikinsa da famfo ake turo shi daga kogin Han. Ɗalibin da ya ji wannan zai gane cewa an yarda a soki aikin da ya yi suna.

2. Fitar da kiran maƙaloli

Rubuta shi a shafi ɗaya kamar na taron gaske: sunan taro, jigo, ƙananan jigogi uku ko huɗu, da ranakun miƙa tsakure (taƙaitaccen bayanin abin da maƙalar za ta ƙunsa), maƙala, bita da gyara. Jigogin da suka fi karɓa su ne hanya da gangare, ruwa da fadama, gine-gine masu tsayi da abin da ido ke gani, sai farfaɗo da wuraren da aiki ya lalata. Ka liƙa jadawalin maki tare da kiran, ɗalibi ya san tun ranar farko cewa bitar da zai yi wa wani tana da nauyi.

Naɗa kwamitin shirya taro daga cikin ɗalibai, su riƙe jadawali, ɗaki da kundi. Rabon maƙaloli ga masu bita kam kada ya bar hannunka.

3. Haɗa rukuni da raba wurare

Mutum huɗu ne daidai. Uku, in ɗaya ya kwanta ciwo aiki ya tsaya. Shida, dole a samu ɗan cima-zaune. Kai za ka haɗa su, kada ka bar abokai su zaɓi juna, domin masu ƙoƙari za su dunƙule wuri guda. Ka tabbata kowane rukuni yana da wanda hannunsa ya faɗa a zane da wanda ya iya kwamfuta.

Akwai hanya biyu ta raba wurare. Ko kowane rukuni ya samu nasa, ko rukuni biyu zuwa uku su yi wuri ɗaya daga jigogi dabam-dabam. Ni na fi son ta biyu, saboda ranar taro za ka ji masu nazarin ruwa suna cewa a faɗaɗa fadama, masu nazarin hanya suna cewa a nan cikonsu zai zauna, kuma irin wannan saɓani shi ne abin da za su tarar a wurin aiki. Kuskuren da ake yawan yi shi ne barin rukuni ya ɗauki shahararren aiki na wata nahiya da ba za su taɓa takawa ba. Abin da zai dawo maka tattare-tattaren intanet ne kawai. Shahararrun ayyuka na kwatance ne a cikin maƙala, wurin nazari kuwa sai wanda ƙafa za ta kai.

4. Fita fili (mako na 3 da na 4)

Gani ya kori ji, amma sai ka koya musu ganin, in ba haka ba za su dawo da hotuna ɗari babu ko ɗaya mai amfani. Dokata ita ce rabin sa'a ta farko babu hoto. Kowa ya zauna wuri guda ya zana abin da ke gabansa: layin da ƙasa ta haɗu da sama, inda ruwa zai bi, abin da ya fi tsayi, abin da ya fara jan ido. Munin zane ba komai ba ne. Mai zane dole ya yanke shawarar abin da zai saka da abin da zai bari, kyamara kuwa kwashe komai take yi.

Bayan nan su zaɓi mahanga uku zuwa biyar, wato wuraren da mutane suke tsayawa ko wucewa suna ganin aikin: ƙofar gidaje, hanyar ƙafa, kan gada, kujerar direba. A kowace mahanga su rubuta inda suka tsaya da inda suka fuskanta, su ɗauki hoto daga tsayin ido, kimanin mita ɗaya da rabi. Ga gargaɗi: babbar kyamarar waya tana da faɗin gani, tana ƙanƙantar da abin da ke nesa, sai bango mai mita shida ya fito kamar ba komai ba. Ƙwararru suna amfani da gilashin milimita 50 a kan cikakkiyar kyamara. In waya ce kawai, su matso da hoton ninki biyu, su kuma tsayar da mutum ko sandar safiyo kusa da abin don a ga girmansa.

Su auna kaurin manyan itatuwa, su duba alamar zaizayar ƙasa, su nemi tabon da ambaliya ta bari a jikin bango ko ginshiƙi, su bi 'yar hanyar da ƙafafun mutane suka fitar a ciyawa, domin ita ke faɗin inda zanen farko ya gaza. Su gaisa da masu amfani da wurin su tambaye su, da ladabi, ba tare da rubuta sunan kowa ba.

Nemi izinin masu wuri tun da wuri. A bakin babbar hanya kowa ya sa riga mai ƙyalli, kada kowa ya shiga ramin ɗibar ƙasa mai ruwa ko ya tsaya ƙarƙashin yankan da bai da tokare. Idan babu motar ɗaukar aji, harabar makarantar kanta tana da magudanai, wuraren ajiye motoci da gangare da suka isa nazari. In da hali su koma sau biyu, ɗaya bayan an yi ruwan sama.

5. Tsakure (mako na 5)

Kalma 250: wane wuri, wace matsala, me za su auna, waɗanne zaɓuɓɓuka za su gwada. Wannan kai kaɗai za ka duba, ka mayar cikin kwana uku. Tambaya ɗaya nake yi wa kowane tsakure: akwai shawarar injiniya a ciki da za ta iya canzawa? "Nazarin kyawun gadar kaza" ba ya wucewa. "Wanne ya fi dacewa da wannan gangare, bangon tokare ko ciko mai kwanciya" ya wuce.

6. Rubuta maƙala (mako na 5 zuwa na 8)

Shafi shida, kada a wuce. Ka wajabta abu huɗu: taswirar hawa-hawa, zanen yankan ƙasa aƙalla biyu masu ɗauke da mutum da itace a bisa ma'auni, hoton kafin aiki da na bayan aiki daga mahanga guda, da kwatancen zaɓi biyu ko uku wanda ɗaya daga ciki shi ne a bar wurin yadda yake.

A nan za ka yi ta fama da ɗabi'a biyu. Wasu za su cika shafi da "kyakkyawa" da "ƙayatarwa" babu hujja. Wasu za su ɓuya a bayan lissafi su manta da mutanen da ke wurin. Maganin duka biyun ɗaya ne: duk maganar gani a ɗaura mata lamba, duk lamba a faɗi wanda za ta shafa.

Ga irin abin da nake nufi. Ciko mai tsayin mita 4, in aka yi masa gangaren ɗaya cikin ɗaya da rabi, wato kowace mita ɗaya ta tsayi ta ci mita ɗaya da rabi a kwance, zai ci mita 6 a kowane gefe. In aka kwantar da shi zuwa ɗaya cikin uku zai ci mita 12. Na biyun ciyawa tana kama shi, ana iya yanke ta da inji, yana kuma sajewa da ƙasar da ke kewaye, amma ya ninka filin gefe da za a karɓa daga hannun mai shi. Rukunin da ya zaɓi ɗaya dole ya faɗi abin da ya sadaukar. Haka ruwa. Da lissafin da suka riga suka sani, fili mai hekta ɗaya da ruwan milimita 60 a sa'a, in kwalta ce mai ma'aunin kwarara 0.9, wato kashi tara cikin goma na ruwan ke gangarowa, zai zubo lita 150 a daƙiƙa, in ciyawa ce mai 0.2 kimanin lita 33. Daga nan ɗalibi yake gane cewa filin ciyawa ɓangare ne na magudana. Itace ma yana da lissafi: ƙa'idar Birtaniya ta BS 5837 ta ce a kare da'irar da nisanta daga gindi ya kai kaurin gindin (daga gefe zuwa gefe, ba kewaye ba) sau 12, wato itace mai kaurin santimita 50 yana buƙatar mita 6 ta kowane gefe da ba za a haƙa ko a tara kaya ba. Su kuma faɗi inda za a ajiye ƙasar sama da aka kankare, dabam da ta ƙasa, domin in aka cakuɗa su abin da aka shuka daga baya ba ya yin kirki.

Masu QGIS su fitar da taswirar duk inda za a hango aikin. Marasa kwamfuta su ja layin gani a kan zanen yanka, daga idon mai kallo zuwa ƙololuwar ginin. Sakamakon ɗaya ne, sai dai na hannu ya fi cin lokaci.

A cire sunaye daga maƙala kafin a miƙa, har da wanda ke ɓoye cikin bayanan fayil.

7. Tantancewa (mako na 9)

Wannan ne zuciyar aikin, kuma shi sababbin malamai suka fi yi wa riƙon sakainar kashi, hankalinsu yana kan ranar taro. Ɗalibin da ya karanta maƙalar wani ya ga an ce "ba za a ga bangon daga gidaje ba" alhali babu zanen da ya nuna haka, da kansa zai koma ya duba tasa.

Kada ka raba maƙaloli sai kun yi gwaji. Kawo maƙala guda mai matsakaicin kyau, ta shekarar baya da izinin masu ita ko wadda ka rubuta da kanka ka dasa mata kurakurai. Kowa ya tantance ta a aji, sannan a karanta bita uku ko huɗu a fili, a tattauna wacce za ta taimaki marubuci. Sa'a biyu ce, kuma in ka tsallake ta abin da za ka samu shi ne "aiki ya yi kyau, a gyara rubutu".

Kowane ɗalibi ya yi bita shi kaɗai, ba a rukuni ba. A ajin mutum 60 akwai maƙala 15, kowace za ta samu bita huɗu. Ba wa rukunoni lamba a asirce. 'Yan rukuni na 1 su karɓi maƙala ta 2, 3, 4 da 5, mutum ɗaya maƙala ɗaya. 'Yan rukuni na 2 su karɓi ta 3, 4, 5 da 6. Haka har a zagayo. Da wannan tsari babu rukuni biyu da za su duba juna, ka toshe ƙofar ba ni gishiri in ba ka manda. Sai ka duba kada wanda ke nazarin wuri ɗaya da masu maƙala ya same ta, domin zai gane su; in ya faɗo haka ka musanya.

Fom ɗin kada ya zama na saka alama a akwati. Tambayoyi biyar nake sawa. Faɗi da kalmominka abin da maƙalar take so a yi. Wace hujja ce ta fi ƙarfi, a wane shafi? Wace magana aka yi babu zane ko lamba a bayanta? Wane mai amfani da wurin aka manta? Wane gyara guda ne zai fi ɗaga maƙalar? A ƙarshe mai bita ya zaɓi a karɓa, a yi ƙaramin gyara, ko a yi babban gyara. Ban sa "a yi watsi" ba, tunda kowa zai gabatar.

Ka karanta kowace bita kafin ta isa ga masu maƙala. Mai cin mutunci ka mayar wa mai ita ya sake. Wadda ta yi kuskuren ilimi kuwa ka bar ta ta wuce, masu maƙala su koyi yadda ake ƙin gyaran da ba daidai ba. Abu ɗaya da ba na sassauci a kansa: hukuncin mai bita ba ya shiga makin maƙala. Da zarar ɗalibai sun san alƙalaminsu zai rage wa wani maki, sai tausayi ko gaba su shigo, gaskiya ta fita. Ingancin bitar ake ba maki, kuma kai ke bayarwa.

8. Martani da gyara (mako na 10 da na 11)

Rukuni ya zauna da bita huɗu ya rubuta wasiƙar martani mai ginshiƙi uku: abin da mai bita ya ce, amsarmu, da shafin da aka canza. Suna da damar ƙin gyara, da sharaɗin kawo hujja. Rukunin da ya karɓi komai ba musu, har da shawarwari biyu masu karo da juna, bai yi tunani ba, kuma ina rage masa maki kamar yadda nake rage wa wanda ya ƙi komai. Wanda ya ce "mun sake auna layin gani daga mahanga ta biyu, mai bita ya yi gaskiya, mun sauke bangon da mita ɗaya mun ƙara fili" ya yi abin da darasin yake nema. Wannan wasiƙa nake fara karantawa kafin maƙalar da aka gyara.

9. Ranar taro (mako na 12)

Minti 12 na gabatarwa da 8 na tambayoyi. Maƙala 15 sa'a biyar ke nan, a raba zama uku bisa jigo da hutu a tsakani. Kowane zama yana da shugaba da mai riƙe agogo da magatakarda, duka ɗalibai. Kai ka koma kujerar baya. In ka zauna gaba, kai za su riƙa kallo suna magana.

Tambayar farko ta waɗanda suka tantance maƙalar ce, a nan suke bayyana kansu in sun so, su faɗi ko gyaran ya gamsar da su. Sai sauran aji, baƙi a ƙarshe. Ka gayyaci injiniya mai aiki a fili, da masanin tsara shimfiɗar ƙasa ko mai tsara birane, in ya yiwu da wani mai amfani da ɗaya daga wuraren. Ka roƙe su tun kafin a shiga su yi tambaya, kada su yi lacca. In baƙi ba su samu ba, malamin labarin ƙasa ko na aikin gona ko na zanen gini daga wani sashe zai cike gurbin.

Rukuni ya zaɓi masu gabatarwa, amma shugaban zama ne zai nuna wanda zai amsa kowace tambaya. Wannan kaɗai yana tona wanda bai taka wurin ba, da maƙalar da aka sa manhajar kwamfuta ta rubuta. Ka hana allon da aka cika da rubutu, taswira da zanen yanka da hoto su ne abin nunawa. Kowane rukuni ya zo da zanensa a babbar takarda ko da wuta za ta ɗauke.

Idan ajin ya kai mutum 200, maƙala 50 ba za su shiga yini ɗaya ba. Ko a yi zama biyu a lokaci guda a ɗakuna biyu da taimakon wani malami, ko rabi su gabatar da baki rabi su kafa fosta. In ka bi ta biyu, ƙuri'a za ta raba, kada fosta ta zama alamar maƙalar da ta gaza.

10. Rabon maki

Ga yadda nake rabawa cikin ɗari. Na rukuni: tsakure 5, maƙalar ƙarshe 35, wasiƙar martani 15, gabatarwa 10. Na mutum shi kaɗai: bitar da ya rubuta 25, tambayoyin da ya yi da amsoshin da ya bayar 10. Kashi 35 ke nan da ba wanda zai ci a kan gumin wani. Kana iya sauya lambobin, amma kada makin bita ya sauka ƙasa da 20, in ya sauka za su yi ta a daren ƙarshe.

Kowane ɗalibi ya miƙa 'yar takarda a asirce da ke faɗin abin da shi da kowane ɗan rukuninsa ya yi. Ba na taɓa maki saboda ƙorafin mutum ɗaya. In uku suka haɗu a kan ɗaya, sai in kira shi in ji ta bakinsa, in duba littafin zanensa na fili. Idan dokar makarantarku ta wajabta rubutacciyar jarrabawa, ka mayar da wannan tsari makin aikin zango, a jarrabawar kuma ka ba su taswira da zanen wani wuri da ba su sani ba su tantance shi da tambayoyi biyar ɗin nan.

11. Kundin taro

Kwamitin ɗalibai ya haɗa maƙalolin da aka gyara a fayil ɗaya, da jerin abin da ke ciki da taƙaitaccen rahoton kowane magatakarda, cikin mako guda bayan taro, kafin jarrabawa ta ɗauke hankalinsu. Bita da wasiƙun martani ba sa shiga kundi, suna wurinka. Ka nemi izinin kowane rukuni a rubuce kafin ka ajiye kwafi a ɗakin karatu ko ka aika wa hukumar da ke kula da wurin da aka yi nazari. Ka ware maƙala biyu, ɗaya mai ƙarfi ɗaya matsakaiciya, ka cire sunaye, domin gwajin tantancewa na shekara mai zuwa. Hotunan mahanga kuma ka adana su tare da bayanin inda aka tsaya da ranar da aka ɗauka, ajin gaba su koma daidai wurin su sake ɗauka, su ga ko zaizayar ta ƙaru, ko itatuwan da aka ce za su rufe bangon sun rufe shi.